Na Gada da Na Koya: Sharhi a kan Littafin Les Héritiers da Halin Ɗaliban Jami'a a Ƙasar Hausa

1. Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin malaman jami'a da na kwalejojin horon malamai, watau cewa ɗaliban da suka fito daga ƙauye, ko daga gidajen da ba a yi boko ba, suna da nauyin baki, ba su tambaya, ba su jayayya, in kuwa aka ba su rubutu sai su kwashe maganar malami su mayar masa da ita yadda ya ba su. Galibi akan rufe zancen da cewa al'ada ce ta ɗaure su. Tun da yake bisa ga wannan hukunci ne ake ba da maki, ake kuma yanke wanda zai ci gaba da wanda zai koma gida, ya kamata a auna shi da ma'auni mai kyau.

Ma'aunin da na ɗauko shi ne wani ɗan littafi da Faransawa biyu, Pierre Bourdieu da Jean-Claude Passeron, suka buga a Faris cikin 1964, mai suna Les Héritiers, watau magada. An juya shi da Ingilishi cikin 1979. Nufina in bayyana abin da littafin ya ce, in nuna inda ya dace da halinmu da inda ya gaza, sa'an nan in jawo zancen zuwa sashen Hausa kansa, domin a ganina shingen da muke ɗora wa gidan ɗalibi, rabinsa mu muka kafa shi a cikin aji.

2. Abin da littafin ya ce

Marubutan sun fara da lissafi. Sun duba ɗaliban jami'o'in Faransa na farkon shekarun 1960 bisa ga sana'ar iyayensu, suka tarar ɗan babban ma'aikaci ya fi ɗan ƙwadagon gona damar shiga jami'a sau 80, ya kuma fi ɗan leburan masana'anta sau 40. 'Yan kaɗan ɗin da suka kutsa daga gidajen talakawa kuma, galibi sashen adabi da na kimiyya suke faɗawa, sassan likita da shari'a kuwa sun fi zama na 'ya'yan masu hali.

Da a nan suka tsaya, da ba su faɗi wani sabon abu ba, gama kowa ya san talauci yana hana karatu. Abin da ya ɗaukaka littafin shi ne sun ce kuɗi ba su ne iyakar gadon ba. Yaron da ya tashi a gidan da ake karanta littattafai, ake zuwa gidan wasan kwaikwayo, ake muhawara a wurin cin abinci da irin Faransancin da malamai ke so, ya shigo jami'a da guzurin da ba a koyar da shi a kowane aji. Jami'a kuwa tana neman wannan guzuri ga kowa, tana ba da maki a kansa, amma ba ta raba shi. Malami ya ga yaro yana magana a sake, sai ya ce yana da baiwa. Ya ga wani ya haddace darasi da wahala, sai ya ce aikinsa na 'yan makaranta ne, ba armashi. Ta haka makaranta takan raina abin da ita da kanta ta koyar, ta yaba abin da aka zo da shi daga gida, sa'an nan ta kira bambancin da sunan hazaƙa. Wanda ya faɗi kuwa sai ya yarda ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza, ya koma gida ba ya zargin kowa sai kansa. Wannan ita ce ƙashin bayan littafin, kuma a ganina ta tsaya daram har yau.

3. Inda ya dace da mu

Bahaushe ba ya bukatar Bafaranshe ya koya masa ƙarfin gado. Mu ne muke cewa na gada ya fi na koya, muke kuma cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. M. G. Smith, cikin wata maƙala da ya buga a 1959 a kan darajojin mutane a ƙasar Hausa, ya nuna yadda ake bambanta sana'ar da mutum ya gada da wadda ya shiga da rana tsaka, ana kiran mai ta biyun shigege. To, boko ma ya daɗe a ƙasar nan har ya yi magada da shigege. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano cikin 1909. Kwalejin Katsina ta soma aiki a 1921, ita ce ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya cikin 1962. Ke nan akwai gidajen da yau jika ko tattaɓa-kunne ne ke zuwa jami'a bayan kakansa ya riƙe alli, akwai kuma gidaje masu ɗimbin yawa da ba su ga allon bango ba sai da aka soma shirin ilmin firamare na kowa da kowa a 1976. 'Ya'yan gidajen nan biyu suna zaune a benci ɗaya, ana yi musu tambaya ɗaya.

Abin da magajin boko ya zo da shi ya wuce Turanci. Ya san yadda ake cika takardar neman shiga, ya san bambancin sashe da sashe tun kafin ya zaɓa, ya san ana iya ƙwanƙwasa ofishin malami a nemi bayani, ya san wanda zai tambaya in sakamakonsa ya ɓace. Shigege kuwa baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Yakan ɓata shekararsa ta fari yana koyon hanyoyin da abokinsa ya sani tun yana goye, kuma makin shekarar nan yana bin sa har ranar da zai fita. A wannan fuska maganar littafin ta zauna mana daidai, har ma shingenmu ya fi nasu tsawo, domin ɗan manomin Faransa dai da harshen ƙasarsa ake jarraba shi, namu kuwa sai ya ci jarrabawar Ingilishi kafin a buɗe masa ƙofa a Nijeriya, a Nijar kuma da Faransanci zai yi ta fama. Abin lura ne cewa a shekarar da Les Héritiers ya fito, a Faris ɗin dai, Abdou Moumouni na Nijar ya buga L'Éducation en Afrique, inda ya nemi a koyar da yaran Afirka da harsunansu. Sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi tun 1992.

4. Inda ma'aunin ya gaza

Littafin ya ɗauka tsani ɗaya ne a ƙasa, masu ilmi a sama, marasa shi a ƙasa, kuma wanda ya fi kuɗi da muƙami galibi shi ya fi kusa da littafi. Wannan zato bai hau ƙasar Hausa ba, gama mu gadon karatu biyu gare mu. Lokacin da Turawa suka kafa mulkinsu, ƙiyasin da su da kansu suka yi ya nuna makarantun allo a Arewa sun haura 20,000. Bayan allo kuma akwai makarantar ilmi, inda ake bi daga Ƙawa'idi da Ahalari da Iziyya zuwa Risala da Muhtasar, a karanta Ajuruma da Alfiyya a nahawu, a karanta Ishiriniya da Muƙama a lugga. Turawan ma sun san da zaman wannan ilmi, shi ya sa aka kafa Makarantar Shari'a a Kano cikin 1934, wadda ta zama Makarantar Koyon Larabci a 1947.

Saboda haka ɗan malamin zaure, wanda ubansa bai san baƙi ɗaya na boko ba, yana iya zama magaji na sosai. Ya tashi cikin littattafai, ya saba da zama a kan jimla ɗaya har a warware ta, ya san fa'ili da maf'uli tun kafin ya ji sunansu da Turanci, kunnensa ya saba da ma'aunin waƙa. In aka sa shi cikin jadawalin Bourdieu da Passeron, a layin talakawa marasa gado zai faɗa, alhali kuwa a ajin nahawu ko na aruli yana iya tsere wa ɗan babban sakatare. Ɗan attajirin kasuwa kuma, ga kuɗi, amma mai yiwuwa ba littafi ko ɗaya a gidansu. Wahalar ɗan malamin zaure ita ce kuɗinsa na wata kasuwa ne, jami'a ba ta karɓarsu sai a sashen Larabci da na addini, wani lokaci da na Hausa. Duk malamin da ya karanta littafin nan ya fito da ra'ayin cewa gidan da ba boko gidan duhu ne, ya ɗauko jadawalin ya bar hujjar.

Akwai wani gibi kuma. Raymond Boudon, cikin littafinsa na 1973, L'Inégalité des chances, ya yi musu da cewa iyali suna yin lissafi a kowace mararraba, su auna abin da karatu zai ci da abin da zai kawo. Wannan gyara ya fi kusa da abin da muke gani. Manomin da ya ce ɗansa ya tsaya a takardar malanta ya kama aiki, ya auna hannun da gona za ta rasa, da kuɗin makaranta, da ƙannen da ke biye. Uban da ya ce 'yarsa ta yi aure tukuna, sau da yawa nisan garin da rashin amintaccen masauki yake dubawa. Wanda ya kira duk wannan al'ada ya huta da neman magani, domin kuɗin makaranta da ɗakin kwanan 'yan mata abubuwa ne da hukuma take iya gyarawa.

5. Shirun ɗalibi

Mu komo kan nauyin bakin da aka fara da shi. A Landan, Basil Bernstein ya raba magana iri biyu, taƙaitacciya wadda ta dogara ga abin da masu zance suka riga suka sani tare, da shimfiɗaɗɗiya wadda take fayyace kome ko ga baƙo, ya ce 'ya'yan lebura sun fi sabawa da ta fari, makaranta kuwa ta biyun take so. Wasu da suka bi bayansa, musamman a Amurka, sai suka zarce suka ce yaran talakawa ba su da cikakken harshe. William Labov ya rushe wannan a 1969. Ya ba da labarin wani yaro baƙar fata ɗan shekara 8 a unguwar Harlem, wanda da babban mutum ya zaunar da shi yana yi masa tambayoyi, sai kalma ɗaya ɗaya yake amsawa. Da mutumin ya sake zuwa ya zauna a ƙasa, ya kawo abin taɓawa, ya gayyato abokin yaron, sai ga shi ana rige-rigen magana da shi. Harshen yana nan tun farko, zaman ne ya canza.

Haka abin yake ga ɗalibinmu. A. H. M. Kirk-Greene, cikin Mutumin Kirkii na 1974, ya lissafa kunya da ladabi cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya zuba wa babba ido, ba ya katse shi, ba ya kiran sunansa gatsau. Jami'a kuwa tana son ya dubi malami, ya ɗaga hannu, ya ce bai yarda ba. A rubutu ma tana son ya ce Imam ya yi kuskure a wuri kaza, haka tsirara, alhali bakinsa ya saba da cewa marigayi Alhaji Abubakar Imam. Abin da gida ya koya masa da sunan hankali, shi aji ke rubuta masa da sunan rashin hazaƙa. Amma a bi yaron nan zuwa ɗakin kwanansu, ko dandali, a ji yadda yake kafa hujja yana warware ta abokinsa.

Kada kuma a ce jayayyar ilmi baƙuwa ce a ƙasar nan. Mu ne masu cewa matambayi ba ya ɓata. Abdullahi ɗan Fodiyo ya saɓa wa yayansa Shehu Usmanu a rubuce a kan mas'aloli, bai kuwa fita daga ladabi ba. Wasiƙun muhawarar da aka yi tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno suna nan cikin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. Alarammomi kuma a wurin darasu ba su ƙyale wa juna ko wasali ɗaya. Abin da al'ada ta tsara shi ne wa zai yi musu da wa, a wane zama, da wane lafazi. Ɗalibi yana da hanyar da zai ce Allah gafarta malam, na ga wani ƙauli a wuri kaza, ko yaya za a haɗa su? Wannan suka ce cikakkiya, ta sa riga. Malamin da bai ji ta a matsayin suka ba, kunnensa ne ke bukatar horo.

6. Sashen Hausa kansa

Mai karatu zai zaci a sashen Hausa shingen ya faɗi, tun da kowa da harshen uwarsa yake karatu. Ba haka abin yake ba. Daidaitacciyar Hausa, wadda Hukumar Talifi ta Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 suka shimfiɗa, Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta ƙarfafa, a kan karin Kano aka gina ta. Ke nan Bakano magaji ne a ajinmu, Basakkwace da Bagobiri da Ba'are kuwa shigege. Ɗalibin da ya ce munka tahi, ko gidanai, ko zamna, ko amre, akan ja masa jan layi, wani lokaci ajin ya yi dariya. Na Zazzau ko Bauci da ya rubuta motan a maimakon motar, sai a ce bai san jinsi ba.

Ilmin harsuna bai goyi bayan dariyar nan ba. Tun shekarun 1920 August Klingenheben ya nuna cewa baƙin leɓe da ya zo a ƙarshen gaɓa ya narke ya koma wasali a karin gabas, shi ya sa zamna ta zama zauna, amre ya zama aure. Watau siffar yamma ita ce tsohuwa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma ya shigar da kalmomin Sakkwato da na Katsina da alamarsu, bai kore su ba. Abin mamaki kuma, a ajin nahawu mukan kayar da yaro saboda sunka da anka, in an jima a ajin adabi mu buɗe waƙoƙin Nana Asma'u, ko mu saurari Narambaɗa da Ɗanƙwairo, inda shi ne kaɗai ke jin zancen ba tare da tafinta ba, ba mu kuwa ba shi maki a kan wannan.

Ba ina cewa a yar da daidaitacciyar Hausa ba ne. Harshen da ake rubuta shi daga Agadas har Kumasi ba shi da makawa sai da ƙa'ida ɗaya, don haka aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Abin da nake nema shi ne a koyar da ita a matsayin kari na biyu ga wanda bai tashi da ita ba, a jera masa siffofin gefe da gefe, a faɗa masa dalilin zaɓen, a kuma bambanta kuskuren tunani da bambancin kari in an zo ba da maki.

7. Hukunci

Littafin yana da aibobi. Galibin ɗaliban da aka yi wa tambayoyi na sashen adabi ne, don haka bai kamata a shimfiɗa sakamakon a kan kowane fanni ba. Ya kuma yi ƙarfi wajen bayyana dalilin faɗuwar masu faɗuwa, ya yi rauni wajen bayyana waɗanda suka tsallake, alhali Bourdieu kansa ɗan ma'aikacin gidan waya ne daga wani ƙauye a kudu maso yammacin Faransa, ya kuwa kai ƙololuwar jami'ar ƙasarsu kafin rasuwarsa a 2002. Malami mai kasala yana iya fakewa da littafin ya ce tun da gado ne ke hukunci, wahalarsa banza ce.

Marubutan ba su ce haka ba. Sun rufe littafin da kira ga koyarwa mai tsari, wadda ba ta ɗauka ɗalibi ya zo da kome daga gida, take fayyace dabarun karatu da aka saba barinsu a ɓoye. Wannan shi ne rabon da ya fi amfani ga malaman kwalejojin horon malamai, domin su ne ke yaye waɗanda za su tari yaron tun yana ƙarami. A aikace abin ba shi da tsada. A ware makonnin farko a koyar da yadda ake ɗaukar bayani, da yadda ake neman littafi a laburare, da yadda ake gina sakin layi a kan hujja. A nuna wa ɗalibai amsar da ta ci da wadda ta faɗi, a bayyana dalili. A faɗa musu a fili cewa ambaton marubuci da sunansa tsirara ƙa'idar rubutu ce, ba raini a ciki. A raba aji ƙungiya ƙungiya domin a ji muryar wanda ba ya iya magana gaban mutum ɗari, a kuma karɓi tambaya a rubuce. A tambayi kowane sabon ɗalibi abin da ya karanta a allo da zaure da irin karin da ya tashi da shi, a sa wannan cikin darasi.

Karin maganar da muka fara da ita ta ce na gada ya fi na koya. A maƙera da majema wataƙila haka ne, gama uba ne malami, gida ne makaranta. Amma jami'a don na koya aka gina ta, da kuɗin harajin iyayensa. Idan ta bar abin da take jarrabawa a kai ba ta koyar ba, to, takardar da take bayarwa shaidar gidan da aka haifi mutum ce kawai, kuma wannan shaida mai unguwa ma yana iya ba da ita ba tare da an yi shekara huɗu ba.